TUDDAN DURƁI TA KUSHEYI: SAMUDAWA NE SUKA TARA SU, KO KAKANNINMU?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Magajin ƙasa da abin da ke bayanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

GABATARWA

Ya ɗan'uwa mai karatu, zan fara da tona asirin kaina. Wata rana ina karantar da ɗalibaina fassarar Suratul Fajri a nan Daura, muka zo inda aka ambaci Adawa da Samudawa. Sai wani yaro, wanda dangin mahaifiyarsa mutanen ƙasar Mani ne, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, kakata ta ce tuddan nan na Durɓi kaburburan samudawa ne. Su ne waɗannan na cikin surar?" Lokacin tashi ya yi, yara sun soma tattara littattafai. Na ce masa: "Ƙila su ne, ai mutanen da manya ne." Na yi addu'a muka watse.

Bayan kamar mako guda, na ji yaron a bakin famfo yana ba 'yan'uwansa labari, yana rantsuwa, yana cewa, "Malam ma ya ce su ne." Kalmar "ƙila" ta faɗi a hanya. Nan take jikina ya yi sanyi, domin na haɗa ayar Allah da maganar da ba ni da hujjarta, kuma na sa ta a bakin yaro. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Ni kuwa tambaya ɗaya tak aka yi mini, na kasa yin irin nasa.

Wannan ne ya sa na ɗaura niyyar zuwa wurin da ƙafata, da kuma karanta abin da aka rubuta a kansa. Abin da na samo shi ne nake son mu duba tare, musamman da yake matasanmu sun kasu biyu game da irin waɗannan wurare. Wasu sun ɗauke su gidajen aljanu. Wasu kuma sun ce kayan jahiliyya ne, Musulmi ba ruwansa da su. Ina ganin duka ɓangarorin biyu sun yi asara.

INA NE DURƁI TA KUSHEYI?

Wurin yana cikin ƙasar Mani, tsakanin Daura da Katsina, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina. Kalmar "kusheyi" jam'in "kushewa" ce, wato kabari. Ashe tun daga sunan an riga an gaya mana abin da ke wurin: Durɓi mai kaburbura. Akwai tuddai aƙalla takwas, manya da ƙanana, a warwatse cikin fili. Na je ne bayan an kawar da amfanin gona, iskar hunturu na kaɗa karan gero. Wanda bai sani ba zai wuce su yana tsammanin jigawa ce kawai. Sai ka tsaya ka lura da yadda kowanne ya tashi shi kaɗai, a dunƙule, sannan zuciyarka za ta gaya maka cewa hannun mutum ne ya tara wannan ƙasa, kwando bayan kwando.

A 1959 hukuma ta sa biyar daga cikin tuddan, uku manya biyu ƙanana, cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, tare da wata tsohuwar kuka da ake kira Kukar Katsi.

To, su wa suka tara su? Yaushe? Don me? A makarantar hadisi an koya mana cewa ba a karɓar labari sai an duba wanda ya kawo shi, an kuma duba abin da ya ƙunsa. Da wannan ma'auni na saurari shaidu uku: baki, da alƙalami, da ita kanta ƙasar.

SHAIDA TA FARKO: BAKI

Babu ɗan Daura da bai san labarin Bayajidda ba. Ya zo daga gabas, ya bi ta Barno, ya iso Daura da dare, ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama, wadda aka ce ita ce ta taso da fada daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take yanzu. Suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, da Kano, da Katsina, da Zazzau, da Gobir, da Rano. Aka haɗa da Biram, suka zama Hausa Bakwai. Wanda aka ce ya tafi Katsina shi ne Kumayau.

A nan ne labarin Daura ya haɗu da tuddan nan. Riwayar Katsinawa ta ce Kumayau ba a birnin Katsina na yanzu ya zauna ba, a Durɓi ya kafa mulkinsa, kuma zuriyarsa ake kira Durɓawa. Ana lissafa sarakunansu biyar: Kumayau, da Ramba-Ramba, da Bataretare, da Jarnanata, da Sanau. Shi Sanau ne aka ce Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa bayan an tona masa asirin layarsa, ya kashe shi, ya karɓi mulki. Muhammadu Korau shi ake ɗauka Sarkin Katsina na farko Musulmi, a wajen tsakiyar ƙarni na 15. Tuddan kuwa, in ji riwaya, kaburburan waɗancan sarakunan Durɓawa ne.

Mai karatu ya lura: ko a bakin dattawan da suka riƙe riwayar babu samudawa. Sarakuna ne masu suna. Zancen samudawa ƙari ne da aka yi daga baya, irin wanda muke yi wa duk abin da girmansa ya ba mu mamaki.

SHAIDA TA BIYU: ALƘALAMI

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ambaci Bawo, amma da Barno ya danganta shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa fiye da shekara 200 da suka wuce labarin asalin ƙasashen Hausa yana yawo ta fuska fiye da ɗaya, kuma malamanmu sun rubuta wadda ta iso gare su.

Sai littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908. Palmer ya tara shekarun mulkin sarakunan yana komawa baya, ya ajiye hawan Bagauda a shekarar 999. To, idan Kumayau ɗan'uwan Bagauda ne kamar yadda labari ya ce, shi ma a wajen shekarar 1000 ya rayu. Yanzu mu yi lissafin 'yan firamare. Daga 1000 zuwa zamanin Korau, wajen 1450, shekara 450 ke nan. A raba wa sarakuna biyar, kowanne ya tashi da shekara 90 a kan mulki, ɗaya bayan ɗaya. Hankali bai ɗaukar haka. Ko dai akwai sarakuna da yawa da sunayensu suka zube, ko kowane suna yana wakiltar gida guda ne ko zamani guda, ko kuma lissafin 999 ɗin ne ke da matsala. A ilmin hadisi, idan shekarun da ke tsakanin mai riwaya da malaminsa suka yi nisan da ba za su haɗu ba, muna cewa isnadin ya yanke. Yankewar isnadi ba ta nufin labarin ƙarya ne. Tana nufin yana bukatar wani abu daga waje da zai ƙarfafa shi.

Marubutan Larabci sun ba mu wani haske ta gefe. Al-Bakari, malamin Andalus, ya rubuta a 1068 cewa idan sarkin tsohuwar daular Gana ya mutu, ana yi masa rumfar katako, a sa shi ciki da kayan adonsa da makamansa da kwanukan abincinsa, sannan jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu babba. Gana tana can yamma, nesa da mu, amma bayanin ya nuna cewa binne sarki a ƙarƙashin tudu al'ada ce sananniya a ƙasashen Sudan kafin Musulunci ya kafu. Ibn Baɗɗuɗa kuma, da ya sauka Takadda a 1353, ya ce ana kai tagullar garin zuwa Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana ke fassarawa da Gobir. Wato a ƙarni na 14 fatake sun riga sun san hanyar ƙasar Hausa.

A zamaninmu, Farfesa Abdullahi Smith a 1970, da ɗalibinsa Dokta Yusufu Bala Usman a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, sun ja hankali cewa bai kamata a rataya kafuwar ƙasashen Hausa a wuyan baƙo guda ba. A ganinsu, ƙauyuka ne suka zama garuruwa, garuruwa suka zama birane, ta hanyar noma da ƙira da fatauci da shigowar baƙi a hankali. Wannan ra'ayi ne mai ƙarfi, amma shi ma yana jiran shaida ta uku.

SHAIDA TA UKU: ƘASA

An haƙa tuddan sau biyu. Na farko a 1907, lokacin da Palmer yake Katsina, tare da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin ya zama sarki. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan sun salwanta daga baya, kuma a lokacin babu na'urar auna shekaru. Abin da aka tone a wannan karo ya tafi ke nan, domin kabari ba littafi ba ne da za a sake buɗewa a karanta. Sau ɗaya ake karanta shi, kuma karatun ne ke lalata shi.

Na biyu a 1992, a ƙarƙashin wani shirin bincike na Jamusawa da Farfesa Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya jagoranta. Sun haƙa tuddai uku. A tsakiyar kowanne suka sami gawa guda ɗaya da kayanta. Maimakon su tsince kayan a gurguje, sai suka yanko ƙasar a dunƙule da abin da ke cikinta, aka adana a gidan tarihi na Jos. A 2007 Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa gwiwa da wani gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, aka kai dunƙulallen can, ƙwararru suka buɗe su sannu a hankali. Farfesa Detlef Gronenborn ya shirya littafi a kan sakamakon a 2011, aka dawo da kayan Nijeriya a 2014.

Ga kaɗan daga abin da aka samu: 'yan kunne da zobe na zinariya, mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi da na dutse, wuri, ragowar tufafi da fata da katako, da kuma wata tasa ta ƙarfe ƙirar gabas, irin ta zamanin Mamalik waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517.

Yaya aka san shekarunsu? Akwai awon da ake kira gwajin kabon 14, wanda wani masani Ba'amurke, Willard Libby, ya gano a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana shigar da wani nau'in sinadarin kabon cikin jikinsa ta iska ko ta abinci. Da zarar ya mutu sai shigarwar ta tsaya, abin da ke jikin ya soma raguwa bisa ƙa'idar da Allah Ya ɗora shi a kai: rabinsa na ɓacewa cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a ƙashi ko itace ko fata, sai a ƙiyasta tun yaushe mai shi ya mutu. Awon ba ya ba da rana ko shekara takamaimai, tazara yake bayarwa. Da shi, da kuma nazarin irin ƙirar kayan, aka gano cewa kaburburan sun faro daga wajen ƙarni na 13 ko na 14, suka kai ƙarni na 15 ko na 16. Wato kimanin shekara 200 ana binne manya a wannan fili.

INDA SHAIDUN SUKA HAƊU, DA INDA SUKA RABU

Abu na farko: bakin dattawa ya yi gaskiya a kan asalin magana. Sun ce kaburbura ne, aka tona aka ga kaburbura. Sun ce na masu mulki ne, aka ga zinariya da hauren giwa, abin da talaka ba ya shiga ƙasa da shi. Riwaya ta riƙe wannan labari ɗaruruwan shekaru ba tare da takarda ba. Duk matashin da ke yi wa labarin kakanni dariya don ya yi boko, ya tsaya nan ya yi tunani.

Na biyu: shekarun ba su dace da lissafin 999 ba. Tuddan da aka auna sun zo bayan wannan lokaci da kimanin shekara 300 ko fiye. Ƙasa kuma ba ta ambaci sunan kowa ba. Saboda haka wanda ya nuna maka tudu ya ce "wannan na Kumayau ne", riwaya yake faɗa maka, ba sakamakon awo ba. Haka nan kayan ba su tabbatar da zuwan Bayajidda ba, ba su kuma ƙaryata shi ba. Tambayar da aka yi musu daban ce.

Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki: mutanen nan ba a ɓoye suke a bayan duniya ba. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldib. Tasa kuwa daga ƙasashen Musulmi na gabas ta ratso Sahara. Ka tuna cewa a 1324 ne Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa da ya girgiza kasuwar zinariya a Alƙahira, kuma tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. A daidai wannan zamani ne ake tara tuddan Durɓi. Fataken da suka kawo tasar, da wuya a ce ba su yi salla a gaban mutanen wurin ba.

Na huɗu: kabarin da ya fi kusa da mu a shekaru ya faɗo cikin zamanin Korau ko bayansa. Wato a lokacin da Shehu Magili ya ziyarci Kano da Katsina a farkon shekarun 1490, a lokacin da Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, yake aiko da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim, mai yiwuwa ne a tafiyar yini guda daga birnin ana binne wani babba da kayan adonsa bisa tsohuwar al'ada. Abin da na fahimta a nan shi ne Musulunci bai shigo ƙasarmu dare ɗaya ba. Ya zo tare da fatake da malamai, ya zauna kusa da abin da ya tarar, ya yi ta aiki a zukata zuriya bayan zuriya. Ita ma sarautar Durɓi ba ta mutu ba, ta shiga cikin sarautun Katsina, har yau ana naɗa ta.

SAMUDAWA FA?

Samudawan da Alƙur'ani ya ambata mutanen Annabi Salihu (AS) ne. Mazauninsu Hijir ne, a arewa maso yammacin ƙasar Saudiyya ta yau, kuma Annabi (SAW) ya bi ta wurin a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Sun shuɗe tun kafin zuwan Annabi (SAW) da zamani mai tsawo. Tuddan Durɓi kuwa an tara su ne shekaru ɗari shida zuwa ɗari tara bayan Hijira. Babu abin da ya haɗa su, ko a wuri ko a lokaci. Mu Hausawa ne muka ari sunan muka mai da shi ma'anar ƙattai.

Abin sha'awa, wannan kuskure ba mu muka fara shi ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi raddi a Muƙaddima ga masu cewa manyan gine-ginen da, irin su dalar Masar da fadar Kisra, ƙattai ne suka gina su. Ya ce abin da ya gina su shi ne ƙarfin daula, da taron hannaye, da dabarun aiki. Har ya kafa hujja da gidajen Samudawa da aka sassaƙa a duwatsu, ya ce ƙofofinsu ba su fi na sauran mutane girma ba. A lokacin da yake rubuta wannan a arewacin Afirka, mutanen Durɓi suna nan suna tabbatar da maganarsa da kwandunansu.

Wannan shi ne ainihin abin da tudu ke faɗa. Kafin a tara shi sai an sami mai ba da umurni da masu bi, da rarar hatsin da za a ciyar da ma'aikata, da maƙeran da za su yi galma da fartanya. Haka ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya soma a ƙarni na 12. Haka Kufan Kanawa da ke cikin Nijar, a ƙasar Damagaram, arewa da mu: kufai ne mai ganuwa, wanda binciken Anne Haour ya nuna an zauna a cikinsa tsakanin wajen 1300 da 1650. Haka ganuwar Daura da kakanninmu suka kewaye garin nan da ita. Duk lokacin da muka ce aljanu ko samudawa ne suka yi, muna ƙwace wa kakanninmu aikinsu ne, muna kuma gaya wa kanmu cewa irinmu ba za su iya ba.

ME MUSULMI ZAI ƊAUKA A NAN?

Na farko, ga masu cewa ba ruwanmu da kayan jahiliyya. Alƙur'ani ya umurce mu a wurare da dama, kamar a Suratu Ali Imrana aya ta 137 da Suratur Rum aya ta 9, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen magabata ya kasance. Ayar Rum har ta ambaci cewa sun fi ƙarfi, sun nome ƙasa sun raya ta. Ba a umurtar mutum ya duba abin da aka hana shi sani. Abin da aka hana shi ne a je neman tabarruki, ko a yi yanka, ko a roƙi wanda ke cikin kabari. Zuwa don wa'azi da ilmi daban, zuwa don bauta daban. Game da makomar mutanen da ke kwance a wurin kuwa, Allah ne Ya san wanda kira ya isar wa da wanda bai isar wa ba, kuma ba Ya zaluntar kowa. Ba a ɗora mana yanke musu hukunci ba.

Na biyu, wa'azin da ke cikin kayan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abubuwa uku ke raka mamaci, iyalansa da dukiyarsa da aikinsa, biyu su dawo, aikin ya zauna tare da shi. Mutanen Durɓi sun yi ƙoƙarin hana dukiyar dawowa. Suka sa wa sarkinsu zinariyarsa, suka tara masa ƙasa mai yawa a kai. Ta jira shekara 500 ko fiye, sannan ta fito. Ta je Jos, ta hau jirgi zuwa Jamus, baƙi suka kalle ta a bayan gilashi, ta dawo Nijeriya. Mai ita bai motsa daga inda aka ajiye shi ba sai da masu bincike suka ɗaga shi, kuma ko sunansa ba a tabbatar ba. Sa'ad da na tsaya a gindin tudun, sai na tuna yadda muke kai manyanmu a yau: sarki da talaka, ƙyalle fari, rami daidai jiki, fuska ga alƙibla. Ban taɓa ganin girman ni'imar da ke cikin sauƙin jana'izar Musulunci ba kamar ranar.

Na uku, ga wanda jin kalmar zinariya ya sa ya soma tunanin diga da shebur. Gaskiya ne shari'a ta yi maganar rikazi, wato dukiyar jahiliyya da aka tsinta a binne, ta ce a fitar da ɗaya bisa biyar. Amma a mazhabar Malikiyya an karhanta tona kaburburan jahiliyya don neman dukiya. Dokar ƙasa ta 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ita ma ta hana haƙa irin waɗannan wurare ba da izini ba. Bayan wannan, mai tonon dare yana sayar da ɗan kunne ne a kuɗi kaɗan, ya hallaka labarin da babu mai iya dawo da shi. Darajar tasar nan ba ƙarfenta ba ne. Darajarta ita ce an san a wane tudu take, a wane zurfi, kusa da me. Mun ga abin da aka rasa a 1907, alhali da izinin sarki aka yi. Ina ga wanda ya yi a sace? Haka nan mai kwasar ƙasar ganuwa don yin tubali, da mai faɗaɗa gonarsa cikin kufai taƙi ɗaya kowace damina.

Na huɗu, amanar harshe. Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana mu bin abin da ba mu da ilminsa, Suratul Hujurati aya ta 6 ta umurce mu da bincika labari. Al'ummar da ta ƙirƙiro ilmin isnadi, ta rubuta tarihin dubban masu riwaya don tace magana guda, ba ta dace da tura duk abin da ya shigo wayarta ba. A yau za ka ga hoton wani ƙaton ƙwarangwal da aka haɗa da kwamfuta, an rubuta a ƙasa wai an tono Adawa, matashi ya tura wa mutum ɗari yana neman lada. Addinin Allah bai bukatar a taimake shi da ƙarya. Ranar da wanda ka tura wa ya gane hoton haɗi ne, ba hoton kaɗai zai yi wa shakka ba.

KAMMALAWA

Na koma aji na kira yaron gaban 'yan'uwansa. Na ce musu abin da na faɗa kwanaki kuskure ne, ba kuma daga littafi na ɗauko shi ba. Na ba su labarin tuddan kamar yadda na ba ka yanzu. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, in gaya wa kakata ba daidai ta faɗa ba?" Na ce a'a. Ka gaishe ta da ladabi, ka gaya mata ta yi gaskiya da ta ce kaburbura ne, Turawa ma sai da suka tona suka tarar da maganarta. Sannan ka roƙe ta ta faɗa maka duk abin da ta ji daga nata kakannin, ka rubuta a littafinka, ka sa sunanta da kwanan wata.

Wannan roƙo nake yi gare ka kai ma, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa. A Zango, da Ɓaure, da Mai'aduwa, da Sandamu, da kowane gari na ƙasar nan, akwai dattijon da ya san sunan wani kufai, da inda tsohuwar ganuwa ta bi, da dalilin da ya sa ake kiran wata kuka da sunan mutum. Ka je ka zauna da shi tun yana da rai. Ka rubuta abin da ya ce a matsayin abin da ya ce, kada ka ƙara masa gishiri, kada kuma ka rage don bai yi maka daɗi ba. Wata rana wani zai zo da awon da ya fi na yau, ya bukaci abin da ka rubuta.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Allah Ya jiƙan magabatanmu Musulmi, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.